Littafin aikin ƙaramin ƙamus na ɗaliban ungozoma: katin burst da rupture

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

An dawo daga hutu, aikin ƙamus ya ci gaba daga inda ya kwana. Ga wanda bai san zancen ba, ni malamar Turanci ce a wata makarantar horar da ungozoma da ma'aikatan lafiya na karkara. Tun bara nake tattara kalmomin da ɗalibanmu ke karantawa da Turanci, alhali in sun fita aiki da Hausa za su yi wa mace da mijinta da uwar mijinta bayani. Kowace kalma tana da katinta: ma'ana, jimlolin misali, sai yadda za a faɗe ta a bakin gadon mara lafiya.

Harafin A ya kammala, B ma ya yi nisa, sai na iso kan *burst*. A nan gizo ke saƙar. Na duba littattafan rubutun ɗalibai na ga duk inda suka haɗu da *burst* sun rubuta "fashe" a gefe, duk inda suka haɗu da *rupture* ma "fashe" ɗin suka rubuta. Ba a ce sun yi kuskure ɗungurungum ba, amma Bature bai ajiye kalmomi biyu don ado ba, kuma a sana'ar da yaran nan za su shiga, tazarar da ke tsakaninsu tana iya zama tazarar rai da mutuwa. Zan haɗa su a kati ɗaya. Sauran B ya jira.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na bi asalinsu, don sau da yawa asalin kalmar Turanci shi ke gaya maka a bakin wa za ka ji ta.

*Burst* 'yar gida ce. Tana cikin Turancin da, tun ana ce mata *berstan*, kuma har yau Jamusawa na da 'yar uwarta, *bersten*. Kalmar manomi ce da mai dafa abinci da yaro mai wasa da balan-balan. *Rupture* kuwa baƙuwa ce. Tushenta Latin, daga *rumpere*, wato karyawa ko ketawa, kuma ta shiga Turanci wajen ƙarni na 15, a rubuce-rubucen masu magani. Tun bayan da Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila a 1066 Turanci ya zama mai ɗaki biyu: na ƙasa na kalmomin yau da kullum, na sama na kalmomin Faransanci da Latin, inda likita da lauya da malamin coci ke zaune. Mu ma mun san irin wannan. Ana cewa mutuwa, ana cewa rasuwa, ana kuma cewa wafati, kowace da bakin da ta dace da shi.

Saboda haka bambanci na farko na matsayi ne. Uwa a Landan za ta ce afendis ɗin ɗanta ya yi *burst*, likitan da ya yi masa aiki ya rubuta *ruptured* a takardar sallama, abu ɗaya suke nufi. Da a nan zancen ya tsaya da na rufe katin yau, amma akwai sauran rina a kaba.

Wani abin da ɗalibai za su ji daɗinsa: guntun nan *rupt* yana ɓoye cikin kalmomin da suka riga suka sani, *erupt* da *interrupt* da *disrupt* da *corrupt* da *bankrupt*. Duk akwai ketawa ko yankewa a cikinsu. Zan sa wannan a bayan kati da ƙananan haruffa.

Asabar, 18 ga Janairu

Hunturu ya hana fita, na zauna da tarin jimlolin da na kwaso daga littattafan karatunsu da jaridu. Na kasa su kashi uku: inda *burst* kaɗai ke shiga, inda *rupture* kaɗai ke shiga, da inda kowace ta shiga ba a jin wani abu. Kashi na biyu shi ya buɗe mini ido.

A watan Maris na 2010 David Beckham, yana buga wa AC Milan, agararsa ta tsinke, abin da ya hana shi buga gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu. A Turanci *ruptured* ake cewa game da irin wannan rauni. Mai jin Turanci ba zai ce agara ta yi *burst* ba, domin agara ba jaka ba ce, babu abin da ke cikinta da zai turo ya fito. Igiya ce aka ja ta fi ƙarfinta. Haka nan girgizar ƙasar da ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, mai ƙarfin maki 7.8: masana ƙasa *rupture* suke kiran tsagewar da ta bi layin dutse a ƙarƙashin ƙasa, tsawon fiye da kilomita 300. Nan ma ba abin da ya cika ya tumbatsa. Abu ne da yake haɗe ya rabu.

A ɗaya gefen, taya a kan titi *burst* take yi. Balan-balan haka, maruru haka, bututun ruwan da ya daskare a ƙasashen sanyi haka. Kogi in ya cika ya ƙetare gaɓarsa, *burst its banks* suke cewa. Duk akwai abu a ciki, iska ko ruwa ko mugunya, da ya matsa wa bango lamba har bangon ya gaza, abin ya fito gaba ɗaya a lokaci ɗaya, yawanci da ƙara.

Ga yadda na fahimci abin yanzu. *Burst* tana kallon abin da ke ciki da ƙarfin fitarsa. *Rupture* tana kallon bangon da ya kece, ba ruwanta da ko an ji ƙara ko ba a ji ba, ko abin ya zubo waje ko ya tsaya a ciki. Wani *rupture* ɗin yana da ƙara. Masu tsinkewar agara sukan ce sun ji kamar an harbe su a dunduniya. Amma kalmar ba ta yi alkawarin ƙara ba. *Burst* ce ta yi.

Ƙaramin abu na nahawu, don jarrabawa: *burst* ba ta canza riga, jiya da yau duk *burst* ce. "Bursted" da muke ji a tasha da gidan mai, mai maki zai ja mata jan biro.

Talata, 21 ga Janairu

Gwaji a aji. Na rubuta "mahaifarta ta fashe" a allo, na ce wa 'yan shekarar farko, waɗanda ba su shiga ɗakin haihuwa ba tukuna, kowa ta rubuta abin da take zaton za ta gani da ido in haka ta faru.

Kusan duka abu guda suka zana: ihu, jini na malala a ƙasa, ciki ya sace. Wata ta rubuta cewa za a ji ƙara kamar ta taya. Hoton *burst* ke nan sak. Littafinsu kuwa *uterine rupture* ya ce, kuma abin da ya lissafa a ƙarƙashi ya sha bamban da wannan hoto. Hankalina ya tashi ƙwarai. Waɗannan su ne za a tura asibitocin ƙauye inda babu likita, wani lokacin ko wuta babu, kuma abin da kunnensu ya saba ji shi idonsu zai nema.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na je gaida Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta yi aikin ungozoma a asibitin gwamnati har ta yi ritaya. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, tambaya na kawo miki. In mahaifa ta fashe ana cikin naƙuda, me ake fara gani?"

Ta ajiye faifan. Ta ce, "'Yar nan, shiru ake fara gani."

Ta yi mini bayani dalla-dalla, ina rubutawa a bayan ambulan. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, kan ɗa ya ƙi sauka, ko don ƙugu ya yi masa kaɗan ko don ya zo a gicciye. Mahaifa tana ta matsawa, samanta na ƙara kauri, ƙasanta na ƙara sirancewa, har wani lokaci a ga wani kwari ya gitta cikin, kamar an ɗaure shi da zare. Wannan gargaɗi ne. Sai ta ji wani ciwo mai tsanani kamar an keta ta da wuƙa, daga nan naƙudar ta tsaya cak. Matar da ta kwana tana murƙususu ta yi lamo. Mutanen ɗaki su ce alhamdu lillahi ta samu sauƙi, bari ta ɗan huta. A ba ta kunu.

"Lokacin nan," in ji Gwaggo, "jini na zuba a cikin cikinta, ba a waje ba. Zanen da ke ƙarƙashinta yana iya zama da ɗan ɗigo kawai. Ki kama hannunta ki ji bugun jini yana gudu amma ba ƙarfi, tafin hannu ya yi fari, zufa mai sanyi. Ki taɓa cikin ki ji gwiwar ɗa da ƙafarsa kamar fata ce kaɗai tsakaninku. Ki sa abin saurare ki nemi zuciyar ɗa ki rasa." Ta nuna mini da yatsu uku a wuyan hannuna inda take dannawa, ta riƙe har na ji bugun nawa a ƙarƙashin yatsunta.

Na tambaye ta wace kalma take amfani da ita in za ta gaya wa miji. Ta ce ya danganta da mijin, amma ga ɗalibai ita "yagewa" take cewa. Ta ce in dubi buhun gero: akwai wanda aka cusa masa fiye da kima aka jefo daga kan mota ya fashe, kowa a kasuwa ya waiwayo, akwai kuma wanda ɗinkinsa ya ɓarke ta ƙasa a cikin rumbu, yana tsaye kamar lafiya lau, sai ranar da aka zo ɗauka a tarar rabinsa ya tsiyaye.

Ta kuma lissafa mini abin da ke jawo shi, kuma ya dace da littafi: doguwar naƙuda da ɗa ya maƙale, tabon aikin ciki na haihuwar baya, yawan haihuwa da ya sa mahaifa ta gaji, danna ciki da hannu don a turo ɗa, da kuma allurar ƙara naƙuda da ake yi wa mata a gida ko a kemis ba tare da an auna ba. Wannan na ƙarshen ya fi ɓata mata rai, har muryarta ta canza.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ce mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Ba na cewa kalma ce ta kashe su. Rashin mota da rashin jini da rashin kuɗi da jiran izini sun fi kalma nauyi nesa ba kusa ba. Amma kalma ita ce abin da ke hannuna.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Likitan mata da ke zuwa koyarwa ranar Laraba ya duba daftarin katin. Mun yi doguwar muhawara a ofishin malamai har shayinsa ya huce.

Bai yarda a cire "fashewar mahaifa" ba. Ya ce, "Malama, abin da ake faɗa ke nan a asibiti da rediyo, kowa ya san shi. Kuma in na ce wa maigida mahaifar matarka ta yage, zai ɗauka irin ƙarin da ake samu wajen haihuwa ne, a yi ɗinki biyu a koma gida. In na ce ta fashe, a take zai sa hannu a takarda ya fita neman masu ba da jini." Hujjarsa mai ƙarfi ce, ban da abin cewa a kanta. Yagewa a kunnen Bahaushe ƙaramin abu ne, riga ce ke yagewa.

Na ce masa, "Likita, kai kana magana ne bayan an riga an gane. Ni damuwata kafin a gane." Wanda zai sa hannu yana buƙatar kalmar da za ta girgiza shi. Wadda ke tsaye kan mai naƙuda da tsakar dare tana buƙatar kalmar da za ta sa ta zargi shiru. Aiki biyu ne daban, kuma ban ga dalilin tilasta wa kalma ɗaya ta yi su duka ba, tunda Hausa ba ta rasa kalmomi ba. A gaskiya ma muna da wadatarsu a nan: fashe, tsage, yage, kece, ɓarke, huje, tsinke, ɓalle, dare. Matsalar ita ce mun bar "fashe" ta cinye sauran a duk lokacin da muka zo fassara.

Mun tsaya a kan cewa katin zai ɗauki layi biyu, "abin da za ki sa a ranki" da "abin da za ki gaya wa dangi". Ya ƙara mini abu ɗaya da zan sa a misali: macen da aka taɓa yi wa aiki sau ɗaya da yankan da aka saba yi a kwance a ƙasan mahaifa, in ta gwada haihuwa da kanta, haɗarin yagewar tabon wajen ɗaya ne cikin 200. Ba mai yawa ba ne, shi ya sa ake barin da dama su gwada, amma sai a asibitin da ke da ɗakin tiyata a shirye. Ya ce in ajiye wa *dehiscence* kati nata daban, wato sakin tabo ba tare da ya kece gaba ɗaya ba. Na rubuta ta cikin jerin D.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na bi sauran wuraren da *rupture* ke fitowa a manhajarsu, ina gwada wace kalmar Hausa ce ta zauna daidai.

Faya ita ce mai sauƙi kuma mai wuya. "Faya ta fashe" magana ce da kakanninmu suka bar mana, ba wanda zai taɓa ta, ni ma ba zan taɓa ba. Abin lura shi ne matar Ingila a gida ba ta amfani da ko ɗaya cikin kalmomin nan biyu, *my waters broke* take cewa. A takardar asibiti ne ake rubuta *rupture of membranes*. Sai dai ba kullum ruwan ke zubowa gaba ɗaya ba. Wani lokaci 'yar ƙaramar huda ce, ruwa na tsatsafowa kaɗan-kaɗan, mace ta ɗauka fitsari ne ke kufce mata ta yi kunyar faɗa. Idan ungozoma ta tambaya "faya ta fashe?" za a ce mata a'a, kuma ba ƙarya aka yi ba. Tambayar da na sa a kati ita ce, "Kina ganin ruwa na zubo miki, ko da kaɗan ne? Tun yaushe?" Tun yaushen nan yana da muhimmanci, don in aka wuce awa 18 haɗarin shigar ƙwayoyin cuta yana ƙaruwa, kuma in cikin bai kai mako 37 ba lamarin ya zama na asibiti babba.

A nan Hausa ta yi mana gata da Turanci bai da shi. Kalmar Turancin ɗaya ce ko abin ya faru da kansa ko wani ya yi shi, sai an ƙara *spontaneous* ko *artificial* a gaba. Mu kuwa ƙarshen kalma ya wadatar: faya ta fashe, ungozoma ta fasa faya. Haka yage da yaga, tsage da tsaga, huje da huda.

Cikin da ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa shi ne ya fi kama da labarin Gwaggo. Yakan faru a farkon watanni, wani lokaci matar ba ta ma san tana da ciki ba. Bututun ya kece, jini ya taru a ciki, ta ji ciwo a gefe ɗaya na mara, jiri, wani sa'in har ciwo a kan kafaɗa, sai ta faɗi. Na sa "kecewa" a layin farko.

Saifa: mutum ya faɗi daga babur ya tashi ya kaɗe rigarsa, bayan awoyi ko kwanaki ya yanke jiki ya faɗi. Saifar da zazzaɓin cizon sauro ya kumbura ta fi saurin tsagewa. "Tsagewa" na rubuta. Dodon kunne "hujewa". Agara da sauran jijiyoyin da ke riƙe gaɓa "tsinkewa". Jijiyar jini da ta kumbura a ƙwaƙwalwa, wannan kam Turanci na karɓar kalmomin biyu, mu ma "fashewa" ta dace da ita ba gyara. Na kuma sa gargaɗi guda: a tsofaffin littattafai *a rupture* na iya nufin gwaiwa, kada wata ta firgita.

Ma'anonin aro ba su cikin aikin ungozoma, amma suna fitowa a jarrabawar Turanci, don haka na ba su layi uku. Abin sha'awa, a nan harsunan biyu sun yi tafiya tare: *burst into tears* fashewa da kuka, *burst out laughing* fashewa da dariya, abu ya cika ƙirji ya fito. *Rupture* tsakanin ƙasashe biyu ko cikin jam'iyya kuwa ɓaraka ce, wadda ake ɗinkewa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Katin ya tafi wajen mai bugawa. Ga abin da ke fuskarsa:

"*Burst*: abu mai ɗauke da iska ko ruwa ya fashe saboda matsi daga ciki, nan take, abin cikin ya fito. Kalmar yau da kullum. *Rupture*: bango ko jijiya ko wani sashen jiki ya kece, ya tsage, ya huje ko ya tsinke. Kalmar asibiti. Ba lallai a ji ƙara ba, ba lallai a ga jini a waje ba. Abin da za ki sa a ranki: yagewa ta ciki, naƙudar da ta tsaya farat ɗaya bayan ciwo mai tsanani alamar haɗari ce, duba bugun jini da zuciyar ɗa, nemi mota. Abin da za ki gaya wa dangi: mahaifa ta fashe, jini na zuba a ciki, sai an yi aiki yanzu."

Mai bugawa ya kira ya ce na'urarsa tana mayar da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna, don haka gobe zan kai masa irin rubutun da na yi amfani da shi a filashi, in tsaya a gwada shafi ɗaya a gabana. Gwaggo ta yarda a naɗi muryarta tana bayanin alamomin don 'yan shekarar farko, amma ta ce sai bayan Sallah, azumi ya ƙarato. Likita yana so a ƙara layi kan abin da za a yi kafin mota ta zo, wato sa ruwa a jijiya da kwantar da ita a gefen hagu. Na ce masa wannan na malaman aikin ne, ya rubuto da hannunsa in sa yadda ya rubuta.

Saura kalmomi huɗu masu maƙwabtaka da waɗannan da nake so su fito a bugu ɗaya, don ɗaliba ta jera su ta kwatanta: *tear*, *laceration*, *perforation*, *leak*. Na fara da *perforation* saboda hujewar hanji da taifot ke jawowa, wadda ma'aikatan karkara ke haɗuwa da ita sosai a yara. Ranar Litinin zan zauna da malamin tiyata a kanta.